Ɗalibai a Kan Dandamali: Tarihin Wasan Kwaikwayo a Makarantar William Ponty

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen shekarar karatu ta 1933, a tsibirin Gore da ke cikin teku daura da birnin Dakar, wasu ɗalibai ƴan asalin ƙasar Dahome suka hau dandamali a bikin rufe makaranta. Wasan da suka gabatar ya ƙunshi ganawar da aka yi tsakanin Behanzin, wanda ya yi sarautar Dahome, da wani jakadan Faransa mai suna Bayol. Ɗalibi ɗaya ya fito a matsayin basarake, wani ya fito a matsayin Bature, sauran suka zama fadawa da mawaƙa. A cikin ƴan kallo akwai malamansu Turawa, akwai kuma ƴan uwansu ɗalibai daga sauran ƙasashen da Faransa ke mulka. A lokacin, shekara 39 kacal ke nan da Behanzin ya miƙa wuya ga sojojin Faransa. Wato labarin da samarin suka kwaikwaya abu ne da iyayensu da kakanninsu suka gani da idonsu.

Masana tarihin adabi sukan ɗauki wannan wasa a matsayin mafarin abin da ake kira wasan kwaikwayon Ponty, wanda daga gare shi ne rubutaccen wasan kwaikwayo ya yaɗu a ƙasashen Afirka ta Yamma rainon Faransa. Wannan takarda za ta bi tarihinsa, daga yadda ya faro zuwa yadda ya isa Nijar, sannan ta kwatanta shi da abin da ya faru a makarantun Arewacin Nijeriya a daidai wannan zamani. Abin da za a fi mayar da hankali a kai shi ne matsayin ɗalibin kansa. Shi ne mai tattaro labari, shi ne mai rubutawa, shi ne mai kwaikwayo, kuma shi ya fara fuskantar tambayar da ke gaban duk mai nazarin wasa: me wasan yake nufi, kuma ga wa?

2.0 Makarantar da ɗalibanta

An kafa makarantar a 1903 a garin Saint-Louis na ƙasar Senegal domin horar da malamai. A 1913 aka mayar da ita tsibirin Gore. A 1915 aka sa mata sunan William Ponty, babban gwamnan Afirka ta Yamma rainon Faransa wanda ya mutu a wannan shekara. A ƙarshen shekarun 1930 aka sake tayar da ita zuwa Sebikotan, gabas da Dakar.

Ita ce ƙololuwar karatun boko ga ɗan Afirka a wannan yanki kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Yaro yakan fara da makarantar ƙauye ko ta gari, ya wuce babbar firamare da ke hedikwatar ƙasarsa, sannan ya zauna jarrabawar shiga Ponty, wadda ƴan kaɗan ne suke tsallake ta. Karatun na shekara uku ne. Wasu sukan fito malaman makaranta, wasu ma'aikatan ofis, wasu kuma su wuce makarantar koyon aikin likita ta Dakar. Ɗaliban sun fito daga Senegal, da Sudan ta Faransa wadda ita ce Mali a yau, da Gini, da Kodebuwa, da Dahome wadda ita ce Benin a yau, da Nijar, da sauran yankunan tarayyar. Da yawa daga cikin waɗanda suka karɓi mulki bayan samun ƴancin kai sun zauna a azuzuwanta: Félix Houphouët-Boigny na Kodebuwa, da Modibo Keita na Mali, da Hubert Maga na Dahome, da Jori Hamani na Nijar.

Harshen karatu Faransanci ne zalla. A makarantun firamare da waɗannan ɗalibai suka biyo, akwai wani horo da ake kira sambol. Wani ɗan abu ne, kamar guntun katako, da ake miƙa wa duk yaron da aka ji yana magana da harshen gidansu. Shi kuma sai ya yi ta saurare har ya kama wani ya miƙa masa, domin wanda aka tashi makaranta abin yana hannunsa shi zai sha hukunci. Bernard Dadié, wanda za a sake ambata nan gaba, ya ba da labarin wannan horo a littafinsa mai suna Climbié na 1956. Sanin wannan yana da muhimmanci, domin yana nuna girman abin da ya faru ranar da waɗannan harsuna suka fito fili a kan dandamalin babbar makarantar tarayya.

3.0 Yadda wasan ya faro

Abubuwa biyu ne suka haɗu suka haifar da wasan. Na farko shi ne manufar hukuma. Tun zamanin Georges Hardy, wanda ya shugabanci sha'anin ilimi a tarayyar a shekarun 1910, Faransawa suke fargabar kada karatu ya raba yaro da asalinsa har ya fara ganin kansa daidai da Bature. A shekarun 1930, ƙarƙashin Albert Charton, aka ƙarfafa ra'ayin cewa ɗalibi ya san al'adun mutanensa, amma ya bayyana su da Faransanci kuma bisa tsarin binciken Turawa. Daga 1933 aka ɗora wa ɗaliban Ponty aikin hutu: kowa idan ya koma gida ya yi bincike a kan wani fanni na rayuwar garinsu, kamar aure, ko abinci, ko wasannin yara, ko magungunan gargajiya, ko tarihin sarauta, ya rubuto shi a littafi. Hukuma tana da riba a nan, domin da ɗan gari akan ci gari. Abin da tsoho ba zai faɗa wa kwamandan ba, zai faɗa wa jikansa. Ɗaruruwan waɗannan littattafai suna ajiye a cibiyar bincike ta IFAN da ke Dakar, kuma a 2015 hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin muhimman takardun tarihi na duniya.

Abu na biyu shi ne sha'awar ɗaliban kansu, da kuma wani malami mai suna Charles Béart. Béart ya shugabanci babbar firamare ta Bingerville a Kodebuwa a farkon shekarun 1930, inda ya lura da yadda yara suke kwaikwayon al'amuran garuruwansu a lokacin hutawa, sai ya ƙarfafa musu gwiwa. A can ne Dadié, yana yaro ɗan makaranta, ya rubuta ɗan gajeren wasa mai suna Les Villes, wato Birane, inda garuruwan ƙasar suke gardama a kan wanda ya fi cancanta da girma. A 1935 aka mayar da Béart Ponty, ya tsaya wa harkar wasa har ta zama babban sashe na rayuwar makarantar. Saboda haka ne ake yawan danganta wasan da sunansa. Sai dai lissafin shekaru ya nuna wasan Behanzin da Bayol ya riga zuwansa da shekara biyu. Ɗalibai ne suka fara, malami ya zo ya tarar, ya ba abin tsari da suna.

4.0 Yadda ake shirya wasa

Ɗalibai sukan rabu ƙasa-ƙasa. Ƴan Dahome su shirya nasu, ƴan Gini nasu, ƴan Sudan nasu, kowane rukuni yana son ya fi na kusa da shi a bikin ƙarshen shekara. Labarin yakan fito daga abin da aka tattaro a hutu, ko daga abin da wani ya ji a bakin tsofaffi da maroƙa. Yawanci ba mutum ɗaya ke rubutawa ba. Taruwa ake yi a tsara, shi ya sa wasanni da yawa suke ɗauke da sunan ƙasa a maimakon sunan marubuci. Daga nan malamai su duba rubutun, su gyara Faransancin, a shiga gwaji. Da yake makarantar ta maza ce, samari ne suke fitowa a matsayin mata. Makarantar horar da malamai mata ta Rufisque sai a 1938 aka buɗe ta.

Jigogin wasannin sun kasu gida uku. Akwai na tarihi, kamar na Behanzin, da wanda ƴan Gini suka yi a kan Samori Ture, da Assémien Déhylé na Dadié, wanda aka nuna a Dakar a 1936 a kan sarautar Sanwi. Akwai na almara, kamar Sokamé na ƴan Dahome, labarin wata budurwa da aka zaɓa a yi hadaya da ita domin a sami ruwan sama a lokacin fari. Akwai kuma na al'adu da ban dariya, waɗanda suka shafi neman aure da sadaki da rikicin masu neman mace ɗaya.

Ta fuskar zubi da tsari, wasan gauraye ne. Rabon wasa kashi-kashi da fitowa-fitowa, da labule, da zaman ƴan kallo a gefe guda suna fuskantar dandamali, duk an ɗauko su daga wasannin Faransa irin na Molière da Corneille da ake karantawa a aji. Maganganun ƴan wasa da Faransanci ake yin su. Amma waƙoƙi da kirari da kiɗa da rawa, a harsunan gida ake barin su. Wannan rabo ya jefa ɗalibi cikin aikin fassara mai wuya. Tsohon da ya ba shi labari ya yi magana da harshen Fon ko Malinke ko Bambara, cike da karin magana da habaici. Shi kuma dole ya zuba wannan a cikin Faransancin makaranta wanda malami zai amince da shi. Idan ya fassara karin magana kalma da kalma, Bature ba zai gane ba. Idan ya musanya ta da ta Faransawa, sarkin Dahome zai koma yana magana kamar mutumin Paris. Kowane layi sai an yanke shawarar abin da za a riƙe da abin da za a saki.

5.0 Wasa ɗaya, fahimta biyu

Wasannin tarihi su suka fi nuna abin da ke cikin wannan aiki na haɗari. Ga abin da tarihi ya tabbatar game da na farkon. A ƙarshen 1889 Jean Bayol ya isa Abome, babban birnin Dahome, domin ya tabbatar da iƙirarin Faransa a kan tashar ruwa ta Kwatano. Sarki Glele yana kwance ba lafiya, sai ɗansa Yarima Kondo ya karɓi baƙon, ya kuma ƙi amincewa da buƙatarsa. Kafin shekarar ta ƙare Glele ya rasu, Kondo ya hau gado da sunan Behanzin. Aka gwabza yaƙi a 1890, aka sake gwabzawa daga 1892, Faransawa suka shiga Abome. A watan Janairu na 1894 Behanzin ya miƙa wuya, aka kai shi tsibirin Martinik, daga baya Aljeriya, inda ya rasu a 1906. Sai a 1928 aka mayar da gawarsa gida, shekara biyar kafin wasan ɗaliban.

Labarin Samori ma haka yake. A 1887 wani hafsan Faransa mai suna Péroz ya je Bisandugu ya ƙulla yarjejeniya da shi. Yarjejeniyar ba ta ɗore ba. Aka yi ta yaƙi har 1898 da aka kama Samori, aka kai shi Gabon, ya rasu a can a 1900. Ganawar Samori da Péroz ita ƴan Gini suka mayar wasa a tsakiyar shekarun 1930.

To, yaya ɗalibin da ke cin abincin hukuma, yake kuma jiran ta ba shi aiki, zai nuna mutumin da ya yaƙi wannan hukuma, a gaban jami'anta? Littattafan tarihin da aka koyar da shi sun siffanta waɗannan sarakuna a matsayin azzalumai masu zubar da jini, waɗanda zuwan Faransa ya kuɓutar da talakawa daga hannunsu. Rubutun wasannin bai fito ya ƙaryata wannan ba, kuma da ya yi hakan da ba a bari an nuna shi ba. Wanda ya karanta rubutun kaɗai zai iya cewa ɗaliban sun maimaita darasin da aka ba su ne kawai.

Amma rubutu rabin wasa ne. A kan dandamali, sarki ne yake zaune a tsakiya, fadawa kewaye da shi, ana yi masa kiɗa da kirari da harshen da yawancin Turawan da ke wurin ba sa ji. Baturen cikin wasa baƙo ne da ya zo neman wani abu, yana jiran a ba shi izinin magana. Kuma wanda ya sa kayan Baturen ɗan Afirka ne, yana kwaikwayon tafiyarsa da muryarsa a gaban masu irin wannan tafiya da murya. Jami'in da ke zaune a sahun gaba yana iya ganin girman kan sarkin da aka ci da yaƙi. Ɗalibin da ke bayansa yana iya ganin mutumin da ya dubi jakadan Faransa ya ce a'a. Kalmomin ɗaya ne, amma yadda ɗan wasa ya tsaya, da inda ya ɗaga murya, da inda ya yi shiru, su suke karkata ma'anar. A nan ne ɗan wasa yake zama mai fassara, ko ya sani ko bai sani ba.

6.0 Tafiyar Paris da sukar da ta biyo baya

A 1937 aka yi babban bajekolin duniya a Paris, hukuma ta tura wani rukunin ɗaliban Ponty. A watan Agusta suka nuna Sokamé da wani wasan ban dariya na ƴan Kodebuwa mai suna Les prétendants rivaux, wato Masu Takarar Aure, a gidan wasa na Champs-Élysées, ɗaya daga cikin manyan gidajen wasa na birnin. Ga ɗaliban, wannan babbar nasara ce. Ga hukuma kuwa, hujja ce da za a nuna wa duniya cewa mulkin mallaka yana haifar da ɗa mai ido. Ya kamata a lura da irin wasannin da suka yi fice a wannan tafiya: almara da raha, masu yalwar kiɗa da rawa.

Wannan shi ne tushen sukar da aka yi wa wasan Ponty bayan yaƙi. A 1958 wani masani ɗan Senegal, Bakary Traoré, ya wallafa littafi a kan wasan kwaikwayon baƙar fatar Afirka da amfaninsa ga al'umma, wanda Dapo Adelugba ya fassara zuwa Ingilishi a Ibadan a 1972. Shi da waɗanda suka biyo bayansa sun kawo ƙorafe-ƙorafe masu ƙarfi. Na ɗaya, wasan ya mayar da al'ada abin kallo domin nishaɗin baƙo. Na biyu, amfani da Faransanci ya raba shi da talakawa, waɗanda su ne masu labarin. Na uku, ya kauce wa abubuwan da suka fi damun mutane a lokacin, wato haraji, da aikin tilas, da dokar da ta ba kwamandan ikon ɗaure mutum ba tare da shari'a ba. Ba a soke aikin tilas da wannan doka ba sai a 1946.

Sukar tana da gaskiya. Abin da za a ƙara a kanta shi ne ɗaliban ba su dawwama a makaranta ba. Sun fita da sana'ar da suka koya, suka yi amfani da ita a inda babu malami mai gyara rubutu.

7.0 Bayan an bar makaranta

A Kodebuwa, tsofaffin ɗaliban Ponty, François-Joseph Amon d'Aby da Germain Coffi Gadeau, sun kafa ƙungiyar wasa a 1938. A farkon shekarun 1940 Gadeau ya rubuta wasa a kan yadda ake kwasar mutane aikin tilas, hukuma ta hana shi. Dadié ya yi aiki a IFAN kimanin shekara goma, ya koma gida ya shiga siyasar neman ƴanci, aka ɗaure shi a 1949. Daga baya ya rubuta Béatrice du Congo, wanda aka buga a 1970, inda ya koma ga jigon nan na ganawar sarautar Afirka da Turawa, amma a wannan karo ba tare da ɓoye inda ya tsaya ba. Ya riƙe ministan al'adu daga 1977 zuwa 1986, ya rasu a 2019.

Keita Fodeba ɗan ƙasar Gini, wanda shi ma ɗan Ponty ne, ya ɗauki gaurayen magana da kiɗa da rawa ya kafa ƙungiyar da ta shahara a duniya da sunan Ballets Africains. Ya kuma rubuta Aube africaine a kan kisan da aka yi wa sojojin Afirka a barikin Thiaroye kusa da Dakar a watan Disamba na 1944, bayan sun nemi a biya su haƙƙinsu. Ya zama minista a gwamnatin Seku Ture, wadda ita ce ta kama shi a 1969, bai fito da rai ba.

8.0 Yadda abin ya isa Nijar

Nijar tana ƙarshen tarayyar ta gabas, makarantunta kuma kaɗan ne, saboda haka ɗalibanta a Ponty ba su da yawa. Bubu Hama, wanda ya gama a 1929, shi ake ɗauka malamin makaranta na farko ɗan Nijar da ya fito daga can. Ya riga zamanin wasan, amma rayuwarsa ta tafi a kan irin aikin da littattafan hutu suka ƙunsa, wato tattara tarihin baka da rubuta shi. Jori Hamani ya yi karatu a can a shekarun 1930, daga baya ya koyar da Hausa da Zabarmanci a Paris ga masu shirin zuwa aikin mulki a Afirka. Jibo Bakari, jagoran jam'iyyar Sawaba, shi ma ɗan Ponty ne.

Wanda ya fi ɗauko harkar wasan ya kawo gida shi ne Mahaman Ɗan Dobi, mutumin Geceme. Ya jagoranci ƙungiyar wasa a Yamai, kuma a shekarun 1950, lokacin da hukuma ta buɗe cibiyoyin al'adu a garuruwa tana shirya gasar wasa tsakanin ƙasashe, ya rubuta wasanni biyu da aka san shi da su. Ɗaya na ban dariya ne a kan wata akuya, ɗayan kuma a kan Kabrin Kabra, wanda labarinsa ya shahara a tarihin baka na ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi. Tsarin na Ponty ne sak: labari daga bakin Hausawa, rubutu da Faransanci. Daga baya ya zama minista a gwamnatin Jori. A farkon shekarun 1970 André Salifou ya bi wannan hanya da wasansa a kan Tanimun, sarkin Damagaram na ƙarni na 19.

Kwaikwayon masu mulki ba baƙon abu ba ne ga Hausawa. A Damagaram akwai wasan kara, inda matasa suke yin shigar manyan ƙasa suna kwaikwayonsu a bainar jama'a. A fadodin ƙasar Hausa an san wasan gauta, a watan azumi kuma akwai tashe. Abin da makaranta ta kawo shi ne dandamali, da rabon wasa fitowa-fitowa, da kalmar teyatur da mutanen Nijar suka ara daga Faransanci. Haɗuwar biyun ta yi ƙarfi bayan 1974, lokacin da gwamnatin Saini Kunce ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, ta kuma fara bikin matasa na ƙasa a 1976, wanda gasar wasan kwaikwayo take cikinsa. Wasan ya koma harsunan ƙasa. Shahararren ɗan wasan wannan zamani, Yazi Dogo, malamin makaranta ne da ya yi aiki a Damagaram. Ƙungiyoyin wannan lokaci ba su cika rubuta wasa kalma da kalma ba. Akan tsara ƙashin labari, kowane ɗan wasa ya cika maganarsa da Hausar bakinsa. Janet Beik ta yi nazarin wannan salo a littafinta na 1987 a kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar. Ta haka ƙorafi na biyu da aka yi wa Ponty ya sami amsa bayan shekara 40.

9.0 Kwatanci da Arewacin Nijeriya

A ƙetaren iyaka ma makaranta ce ta haifi rubutaccen wasa, kuma a shekarun 1930 ɗin. Bambancin yana wajen harshe. Turawan Ingila sun yi amfani da Hausa a ƙananan azuzuwa, suka kuma kafa hukumar fassara da talifi wadda ta zauna a Zariya. Rupert East, jami'in wannan hukuma, ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa domin amfanin makarantu, inda ya mayar da sanannun labarai zuwa tsarin wasa. A ƙarshen shekarun 1930 Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi, ya shiga tsara wasanni masu sukar zamba da zalunci, waɗanda aka fi tunawa da Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba? daga cikinsu. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mai koyar da tsabta da kiwon lafiya. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, sun biyo baya a wajejen 1960.

Da yake da Hausa ake yi, duk wanda ya tsaya kallo yana fahimta, daga ɗalibi har mai gadi. Saboda haka ɗalibin Kano bai sha wahalar fassara irin ta ɗalibin Gore ba, kuma sukarsa ta fi saurin isa inda aka nufa. Amma shi ma yana da masu kallon da ba a saɓa musu, wato jami'an Ingila da hukumar gargajiya, don haka sau da yawa sai a bi ta hanyar raha da hannunka mai sanda. A ɓangarorin biyu, samarin da suka saba tsayawa gaban jama'a a makaranta suna cikin waɗanda suka hau dandamalin siyasa bayan yaƙi. Malam Aminu Kano ya jagoranci jam'iyyar NEPU a shekarun 1950, kamar yadda ƴan Ponty suka cika jam'iyyar RDA da aka kafa a Bamako a 1946.

10.0 Kammalawa

An ga yadda wasan Ponty ya faro a 1933 daga hannun ɗalibai, yadda hukuma ta rungume shi domin ya dace da manufarta, da yadda tsofaffin ɗaliban suka fita da shi suka yi abin da ba a shirya musu ba. Martabar makarantar ta ragu bayan da aka buɗe manyan makarantun sakandare da jami'ar Dakar a shekarun 1950, wasanta ma ya ja baya, amma tsarin da ta shuka ya ci gaba a Abijan da Konakiri da Yamai.

Ga ɗalibin harshe da ke nazarin wasa, ko yake shirin fitowa a cikinsa, tarihin ya bar tambayoyi uku da ya kamata a yi wa kowane wasa kafin a yanke hukunci a kan jigonsa. Wa ya tsara shi, kuma wa ya duba rubutun kafin a nuna? Da wane harshe aka yi kowane sashe, kuma wa aka bari a baya saboda wannan zaɓi? A gaban wa aka nuna shi? Wanda ya karanta wasan Behanzin da Bayol ba tare da waɗannan tambayoyi ba zai ga darasin tarihin mulkin mallaka ne kawai. Wanda ya yi su zai tuna cewa masu wasan ƴan Dahome ne, kirarin da harshensu aka yi shi, kuma gawar sarkin ba ta fi shekara biyar da komawa gida ba.